Gwaggo Ta Tashi, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, ina fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Ka san bakina nauyi gare shi, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba, Umma ta fita takaba, za ta koma aikin jinya a asibiti. Tun rasuwarka motarka, wadda ka sa wa suna Gwaggo saboda yawan tarinta, ba ta motsa daga gindin darbejiya ba. Ƙaninka Kawu Sule ya kai batir caji, amma da aka murza makulli sai ta yi ta kakari tana jijjiga, ta mutu. Ya ce zai gwada sababbin fulogi da wayoyi, in ta ƙi, a ja ta a kai wa masu ɓaɓɓalle motoci. Da yamma na ga Umma tana goge kujerarka da gefen mayafinta.

Na tuna safiyar Asabar ɗinmu. Kai ka buɗe bonet, ni ina riƙe da faranti don kada ƙananan ƙarafa su ɓace. Maƙwabta na yi maka tsiya wai ka rasa ɗan aike sai mace, kai kuma ka ce, "Hannun da ya iya zura zare a allura ai ya fi ƙarfin fulogi."

Kai ka koya min cewa kowace waya da gidanta, in aka musanya su wuta ba za ta zo a kan ƙa'ida ba. "Kamar tsifar kitso ne, Rabi," in ji ka, "sai kin gama da layi ɗaya kike taɓa na gaba." Ka nuna min bakin tsohon fulogi da ya yi baƙi ƙirin, ka ce a fara ɗaura sabo da yatsu, a hankali, sifana sai daga ƙarshe.

Ranar da Kawu ya dawo daga Unguwa Uku da kayan a leda, ina tsaye bakin zaure. Ya naɗe hannun riga ya kama wayoyin duka zai fizge, don yana sauri ya koma shago. Baba, ni da ko a aji malama sai ta ce in ɗaga murya, ban san lokacin da na ce, "Kawu, don Allah ɗaya bayan ɗaya!" ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya dube ni, ya yi dariya irin taka, ya ce, "To bakanikiyar Yaya, bisimilla, ni ne yaron shagonki yau." Ya miƙo min sifana.

Na cire waya ta farko. Robarta duk ta tsattsage, ga danshin ruwan farko ya shige ta. Na auna tsawonta da sabuwa, na ɗaura fulogi da yatsu, Kawu ya ƙara matsewa, na danna wayar har na ji ta ce ƙas. Haka muka bi su har ta ƙarshe. Hijabina ya ɓaci da baƙin mai, Umma kuwa ba ta yi faɗa ba.

Ita ta zauna a kujerarka. Ta yi bisimilla ta murza. Gwaggo ta yi tari sau ɗaya don kada a ce ta canza hali, sannan ta kama, lafiya lau. Rediyon da ka bari a kunne ya tashi tare da ita, ana ta maganar sabuwar gwamnatin farar hula. Kai da kullum kake cewa Allah Ya nuna maka ranar da soja za su koma bariki. Sun koma, Baba. Umma ta kifa kanta a kan sitiyari, ba mu kashe injin ba har ta ɗago.

Gobe Gwaggo za ta sauke ni a makaranta a Tarauni, ta wuce da Umma asibiti. Na gode da ba ka taɓa cewa in koma ciki wurin mata ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Tsofaffin fulogin suna cikin farantinmu, na ajiye.

'Yarka mai riƙe maka faranti,
Rabi