Ƙofar Tantin Masu Kwalara

Kawu Hammanjoda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata, ni kuma aikin jinya bai bar ni na fita daga tantin masu kwalara ba.

Kai ne shugaban kwamitin sansanin nan, to ka ji. Tun da ambaliya ta koro mutanen Lau zuwa makarantar nan ta Kachalla Sembe, mata ba sa zuwa wurinmu sai sun kusa mutuwa. Jiya aka turo wata mai suna Bara'atu a baro, idanunta sun faɗa. Na ce, "Me ya hana ki zuwa da wuri?" Ta ce, "Sista, gara in mutu a tabarmata da in sake bi ta ƙofar nan."

Samarin da kuka ɗora a ƙofa suna feshin magani, a tafin ƙafa aka ce su fesa. Su kuwa sai su ce mace ta ɗaga zani. Bara'atu ma ranar da ta kawo ɗanta, ɗayansu ya ja ta ajin da ba kowa. Ita ta ce in gaya maka sunansa. Muntasir ne, Kawu. Ɗanka.

A cire su yau. A sa mata a ƙofa.

'Yarka,
Bilkisu

Bilkisu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na karanta takardarki, raina ya ɓaci ƙwarai. Mace mai zazzaɓi tana iya faɗin komai. Muntasir ya rantse mini. Kuma in maganar nan ta fita, masu ba mu agaji za su kwashe kayansu, sai ki gaya mini wa zai ba ku ƙarin ruwa. Tare kuka tashi da yaron nan a gidana. Ki bar zancen har ciwon ya lafa, mu zauna a gida.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Kwalara ba ta sa zazzaɓi, Kawu, kuma Bara'atu da hankalinta ta yi magana. Ciwon ya lafa? Da safen nan muka rufe fuskar maƙwabciyarta Lami. Ta ji abin da ake yi a ƙofa, ta ɓoye gudawarta har ta rasu. Ta bar goyo.

Ban jira ka ba. Mama Dokas, shugabar matan sansani, ta tara mata suka je ƙofa, ta ce wa samarin, "Ku ajiye tankin feshin nan ku ɓace!" Suka ajiye. Yanzu mata ne ke feshi, kuma marasa lafiya sun fara fitowa da ƙafarsu. Masu agaji ba su gudu ba, su ma suka kai Bara'atu wurin 'yan sanda da ta ce tana son zuwa. Wasu matan sun bi ta. Na ba da shaida da sunana.

Ka huta lafiya.

Bilkisu

Bilkisu,

Salama. Na je jana'izar Lami, mijinta bai karɓi hannuna ba. 'Yan sanda sun zo neman Muntasir, na nuna musu ɗakin da yake. Ban je belinsa ba.

Uwarsa ba ta cin abinci. Kada ki zo gidan tukuna.

Allah ya tsare ki.

Kawunki