Bishiyar Bayan Kicin

Zuwa ga Mama Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ce matar wanda ya sayi gidanku bara, sana'ata ɗinki. Mai shagon bakin layi ne ya ba ni adireshin ɗanki, ya ce wurinsa kika koma bayan rasuwar maigidanki. Allah ya jiƙansa.

Tambaya ce da ni game da bishiyar nan ta bayan kicin. Wai mece ce ita? Tana fitar da fure a jikin rassa har da kututture, mai kauri kamar fatar kunne, ya yi kwana biyu ya faɗo. Tun da muka tare ko ɗa ɗaya ba ta yi ba. Amma maƙwabta sun ce da can 'ya'yanta kamar kan jariri suke, masu ƙaya, har gida-gida ake rabawa. Na sa taki, na ba ta ruwa, shiru.

Maigidana yana son sare ta ya gina mini ɗakin ɗinki a wurin, don yanzu a falo nake aiki, ko'ina zare. Na roƙe shi ya jira ƙarshen damina.

Ki huta lafiya.
Mai ɗinki

*

'Yata Mai ɗinki,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ciwon gwiwa wanda ya zama ɗan gida.

Sunanta na gaskiya ni ma ban riƙe ba, Baƙuwa muke ce mata. Marigayi direban babbar mota ne. Wata tafiya ya sayi ɗan itacen a bakin hanya, ya sha, ya ƙunso ƙwallayen a hankici. Bakwai ya shuka, ɗaya ta rayu. Shekararta shida tana yi masa abin da take yi miki. Daga nan ya fara tsayawa gabanta duk ranar da zai yi tafiya, ya ƙwanƙwasa ta da makullin mota ya ce, "Baƙuwa, a ji kunyata mana." A shekarar ta haihu. Har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane muryarsa take ji.

Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban saba ba da amsa kafin ɗalibi ya duba da idonsa ba. Ki leƙa cikin furen da hantsi, ki sake leƙawa da la'asar, kwana uku. Ki rubuto mini abin da kika gani.

Ki gaida maigidan naki, ki ce ya jingine gatarin tukuna.
Malama

*

Mama,

Barka da war haka, ya gwiwar? Na yi aikin gidan da kika ba ni, har na ƙona shinkafa saboda shi.

Furen da ya fara buɗe baki, tsakiyarsa fari ne, da danƙo kamar an ɗiga zuma. Wanda ya kwana biyu kuma danƙon ya bushe, sai wani gari yake zubarwa in na taɓa. Ban ga wanda yake da danƙo da gari lokaci guda ba. Ƙudan zuma ma ba ya shiga, bakin ya yi masa ƙunci.

Maigidana ya ji labarin makullin ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na hango shi ta tagar kicin yana ƙwanƙwasa ta da makullin babur, yana waige-waige. Ban nuna na gani ba.

Mama, akwai abin da ba ki faɗa mini ba, ko?

'Yarki,
Mai ɗinki

*

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Kin ci jarrabawa, don haka ga sauran.

Abin da kika gani shi na gani a shekara ta shida. Garin nan shi danƙon yake jira, amma kafin ya zubo danƙon ya bushe. A inda aka samo ta wataƙila akwai ƙwaron da ke kai wannan wurin wancan. A bayan kicin ɗinmu babu, sai na zama ƙwaron. Da la'asar nakan kakkaɓe garin cikin murfin kwalba. Da safe in ɗauki burushin zanen 'yan ajina, in buɗa bakin sabon fure a hankali da yatsa biyu, in shafa a kan danƙon ta ko'ina. In kika shafa gefe ɗaya, ɗan zai fito a karkace.

Satin da na fara gwadawa shi ne satin da marigayi ya fara ƙwanƙwasa ta. Da ya dawo ya ga 'ya'ya sun ɗaura, ya tsaya yana kirana, "Malama, fito ki gani, ta ji magana." Na fito da niyyar faɗa masa, na ga fuskarsa, na ce bari sai gobe. Goben nan ta kai shekara ashirin da biyu. Wani lokaci ina tunanin ya sani, don duk tafiyar da zai yi sai ya kawo mini burushin zane, wai na 'yan makaranta, har bayan na yi ritaya. Ban tambaye shi ba. Yanzu kuma babu wanda zan tambaya.

Ke ce ta farko da ta ji wannan, ko ɗana bai sani ba.

Allah ya yi miki albarka.
Malama

*

Mamana,

Ina gaisuwa, ki yafe mini shirun wata biyar. So nake in zo miki da labari cikakke.

Fure ashirin na shafa, tara suka kama. Ni dai ban iya ɓoyo ba, ranar farko na nuna wa maigidana, yanzu shi ke riƙe murfin kwalbar. Sirrinki kuwa yana nan, ce masa na yi dabara ce ta malamai. Ɗakin ɗinkin an gina shi ta wajen ƙofa, ya ɗan matse, amma keke ya shiga.

Ɗan itacen farko da ƙayarsa ta kwanta muka tsinka, ya kwana uku ya yi laushi. Cikinsa fari kamar auduga, ga zaƙi ga tsami. Na cire ƙwallayen, na tace, na zuba madara. Mai shago ya kurɓa, sai ya ce, "Direba ya dawo layin nan."

Na so aiko miki da babban, amma wanda na gwada sawa a kwali ya dame kafin a kai tasha. Yaya ake yi?

'Yarki

*

'Yata,

Ba a yi, Baƙuwa ba ta son tafiya.

Tun ranar da muka kwashe kaya ban sake taka layin nan ba. Ko ɗana ya biyo da ni ta wajen, sai in ce ya canza hanya. Jiya na ce masa ranar Asabar zai kai ni unguwa. Ya tambaye ni wurin wa, na ce wurin ɗalibata.

Ki bar babban a jikinta. Ni zan tsinka.

Mamanki