Ummi a Jikin Giwar Dutse

Sani,

Salamu alaikum. Ya gajiya, ya zaman Indiya, ya Hadiza? Ya jikin takwarata Ummi? Mu nan Daura lafiya lau, sai gwiwata.

Ƙanwarka Rabi ta nuna min hotunan da ka turo. Wai duk ɗakunan bautar nan na bakin teku a jikin dutse aka sassaƙe su? Lallai sun sha aiki. Maƙwabciyata Larai sai salati take, wai ka kai yarinya gidan gumaka. Na ce ni ban ga gunki ba. Ƙafafun Ummi na gani, tana tsaye a jikin giwar dutse babu mai riƙe ta, ita da aka fitar daga gidan nan a kafaɗa. Tun rasuwar babanku ban yi kuka ba sai ranar.

Amma ƙaton dutsen nan da ya maƙale a gangare, kar ka ƙara tsayar min da ita a ƙarƙashinsa. Ba ruwana da daɗewarsa a wurin. Likita ya gyara mata zuciya, ka dawo min da ita haka.

Ku sa mu a addu'a. A gai da Hadiza.

Innarka