Ni Ne Na Goma a Majami'ar Ƙauyenmu

Reb Getzel, don Allah ka raba mini wannan gardama da nake yi da kaina.

Shekarata ashirin da biyu, ɗan ɗinki ne ni a wani ƙauye kusa da Lublin. Bara 'yan wasan kwaikwayo suka yada zango a ɗakin ajiyar hatsinmu, na taya su, shugabansu ya ce ina da murya. Yanzu ya aiko in zo Warsaw kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ya ba wani gurbin. Ɗaki ɗaya mu biyar, shayi da busasshen burodi, duk na yarda. Har gemuna na rage a ɓoye.

Matsalar ita ce mazan Yahudawan ƙauyenmu goma ne cif, ni ne na goma. Kakata ta rasu, mahaifina yana karanta mata Kadish, addu'ar mamaci, kullum, saura wata uku ya cika wata sha ɗayan da al'ada ta tanada. Ka san ba a karanta ta sai da mutum goma. Bai hana ni ba. Ya dai dubi haɓata ya ce in gaishe da wanzamin. Jakata tana ƙarƙashin gado.

Na Goma

Ɗana Na Goma,

Na zauna da 'yan wasan Warsaw shekara talatin. Mutanen kirki ne masu yunwa, kuma ba za su ƙare kafin lokacin kaka ba. Gurbin nan za ka rasa shi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na san irinsa, mashi za a ba ka ka tsaya a bayan jaruman wasa, in ka yi sa'a ka mutu a fage na biyu. Irin wannan yana buɗewa duk sanda wani ya yi mura.

Su ma 'yan ƙauyenku ba su da ikon ɗaure saurayi har ya tsufa don lissafinsu ya cika. Su fara neman wani tun yanzu.

Ka zauna wata ukun. Gobe ka faɗa wa mahaifinka ranar tafiyarka, da bakinka, kana kallonsa. In ta zo, ka fita ta ƙofa da rana tsaka, ka sunkuyar da kai ya sa maka albarka, ko da yana huci.

Allah ya ji ƙan kakarka, ya ba ka masu yi maka tafi.

Getzel