Rabon Ɓarawo

Daga Aguachica, Kolombiya

Zuwa ga ƙanwata Yajaira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ya zafin Maracaibo? Mun tsallake iyaka ni da mijinki Nerio, babur ko tari bai yi ba. Mai masaukinmu ce ta ara mini wayarta na ɗauki hoton takardar nan, don kin san na bar tawa a gida. Waya ita ke kiran ɓarawo.

Tunda mun fita, bari in gaya miki inda kuɗin gidan Mama da muka sayar suke. Na naɗe dalolin da sarƙarta ta zinariya a cikin tsohon tiyub, na cusa a bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin tanki, na toshe da jiƙaƙƙen tsumma, na liƙe bakin da walda, na shafe da baƙin mai. Ni kaina sai da zarto zan iya ciro su. Na guzuri kuwa suna cikin fitilar gaba, kullum da safe in kwance in ciri na ranar. A wani shinge an caje mu har cikin takalmi, mai cajin yana jingine da tankin, dariya kamar ta kashe ni.

Mijinki sai mita yake. "Suruki, mu ne attajiran farko da ke raba wainar masara ɗaya biyu. Bar mini ko 'yan canji a aljihu mana." Na ce ko sisi. In Allah ya kai mu Peru muka buɗe garejin da muke buri, zai gode mini.

Ki gaida yara, ki ce Kawu na tuna su.

Yayanki,
Eulogio

Daga Maracaibo

Yaya Eulogio,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an ɗauke mana wuta, sai jiya na ga saƙonka. Wayon nan naka tsoro yake ba ni.

Wa ke fita titi ba rabon ɓarawo a aljihu? Ko ni da nake zuwa kasuwa a ƙafa, ina riƙe da matacciyar waya da 'yan takardun kuɗi, don wanda ya tare ni ya samu abin tafiya da shi. Mutumin da ya zaro bindiga ya tashi a tutar babu, a jikinka zai huce. Don Allah ka sayi tsohuwar walat, ka sa dala ashirin da wani kati marar amfani, ka ba Nerio ya riƙe. Na san ranka zai sosu. Tun muna yara kai ne mai ɓoye alewa har tururuwa ta riga ka.

Ka ce wa Nerio ya rufe ƙirjinsa, an ce duwatsun can akwai sanyi. Allah ya tsare hanya.

Ƙanwarka,
Yajaira

Daga wani ƙaramin gari, gaba da Popayán

Yajaira,

Ina gaishe ki. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Shekaranjiya da tsakar rana wasu samari biyu suka tare mu a wata kwana. Suka lalube mu, suka zazzage jaka, ba su samu komai ba. Tun kafin nan na ga wasiƙarki, amma na ce sai mun shiga Ekwado in sayi walat ɗin. Ɗayan ya ce, "Daga Benezuwela har nan da iska kuke tafiya? Raina mana hankali za ku yi?" Nerio ya ɗaga hannu yana cewa, "Wallahi ɗan'uwa, talakawa ne mu." Sai ya harbe shi a cinya. Wata babbar mota ta ɓullo, suka gudu, ko baburin ba su ɗauka ba.

Yana da rai. Yana ƙaramin asibitin garin, sun tsayar da jini, amma ƙashi ya farfashe. Likita ta ce aikin sai a birni, motar da za ta kai shi da ƙarfen da za a sa masa kuma sai mun biya kafin a taɓa shi.

Ga inda gizo ke saƙa. 'Yan sanda sun kai baburin harabarsu a matsayin shaida, sai alƙali ya sa hannu za a sake shi. Kullum ina zuwa in leƙa ta shingen waya in ga baburin. In na buɗe baki na ce akwai dala a ciki, ni baƙo, ba takardar da ta nuna inda na samo su, kin san ƙarshen zancen. Sun ce mako mai zuwa. Nerio ƙaƙƙarfa ne, har tsokanata yake: "Manajan banki, yaushe za a buɗe?"

Ki yi addu'a.

Yayanki,
Eulogio

Daga Maracaibo

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta saƙonka.

Ka je ka faɗa wa 'yan sandan yau. Ka tafi da likitar, ko faston cocin garin, a yanka ƙarfen a gaban idon mutane. Su ɗauki rabi, su ɗauki duka su bar na motar asibiti. Gidan Mama namu ne mu biyu, to na yafe rabona, sarƙar ma na yafe. Ban aiko ka da mijina don ka yi gadin ƙarfe ba.

Kada ka bari wasansa ya ruɗe ka. Nerio ranar da inji ya datse masa yatsa ma dariya yake yi. In yana tsokana, ciwo ne ya kai masa karo. Na sayar da firij, amma abin da aka ba ni ko kuɗin allura bai kai ba. Na durƙusa maka, Yaya, ka ji tsoron Allah.

Ƙanwarka,
Yajaira

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in har gaisuwata tana da sauran wuri a gunki.

Na je. Sau biyu ina kaiwa bakin teburin babban 'yan sandan, in buɗe baki, sai in ji ina tambayar ko alƙali ya sa hannu. Na ce wa raina saura ƙiris, me zai sa in zubar da guminmu ana gobe za a ba ni. Ƙafar Nerio ta kumbura ta yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Ya daina tsokana. Ranar Laraba da hantsi ya kira sunanki, ya cika.

Ranar Juma'a aka sako baburin. Wanda ya miƙa mini makulli har ta'aziyya ya yi mini, ya ce da ya san muna cikin matsi da sun yi karo-karo. Na ari zarto na yanka ƙarfen a bayan asibiti. Komai yana nan, ko danshi bai taɓa su ba. Sarƙar Mama sai ƙyalli take.

Nerio yana ɗakin ajiye gawa. Kawo shi gida zai cinye fiye da rabin kuɗin, binne shi a nan kuwa ba tsada, yara su samu abin riƙewa. Ban yanke komai ba, maganarki nake jira. Ban san da wane baki zan ce ki yafe mini ba.

Yayanki,
Eulogio

Daga Maracaibo

Eulogio,

Na samu saƙonka.

Ka aiko mini da mijina. Duk abin da suka ce ka biya, kada ka nemi ragi. Abin da ya saura naka ne, ka kai shi Peru.

Kada ka biyo gawar. Allah ya kai ka lafiya.

Matar Nerio