Jinina Yana Maraɗi

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Tun daminar da ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi, wadda muka kai ka makwanci, ban sake cin hanta ba. Gida lafiya. Gero ya yi a Sabon Maci, rumfarmu ta fawa tana hannun ɗanka.

Yaya, ciwonka ya same ni. Dokotoro ya ce hantata ta taurare kamar taka. Ɗiyata Rabi ta ja ni Maraɗi, suka ɗebi jinina. Wai akwai alamu cikin jini da masu bincike ke dubawa, su gane hantar da ta fi kusa da zama ciwon daji tun bai fito ba. Ya ce ba tabbas ba ne, amma in sun ga alamar za su riƙa duba ni a kai a kai, su tare shi yana ƙarami.

Sakamako ya fito tun kasuwar da ta wuce. Na ƙi zuwa. Na ce wa Rabi wannan duba ne, ni kuwa ban taɓa zama gaban mai duba ba, ba zan fara da furfura ba. Har limami ta kawo mini, ya ce awo ne, ba duba ba. Na ce bai san fawa ba. Mu da muka tsufa muna fiɗa, yaushe muka san hantar rago kafin a yanka shi?

Kai kaɗai zan gaya wa: tsoro nake ji. Na tuna hantar da muke samu da fararen ƙulluwa, mu jefa wa karnuka. Na tuna cikinka ya kumbura, ƙafafunka sun ƙi shiga takalmi. In na yi alwala sai na latsa ƙarƙashin haƙarƙarina. Kai ma haka ka ji, kake mana dariya?

Jiya na iske Rabi bayan rumbu tana kuka, ta ce hayaƙi ne. Ba wuta a gidan, Yaya.

Gobe da safe zan shiga motar Maraɗi tare da ita. Zan ce mata goro zan sayo.

Allah ya kai haske kabarinka.

Ƙanenka,
Mamman mahauci, Dakoro