Kati Bakwai Na Saya, Ba Wanda Ya Tambaye Ni

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu shagunan waya da cire kuɗi na garin Daura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalanka, da dukan 'yan ƙungiyarka, Alhaji, ina neman ka ba ni aron hankalinka. Sunana Lawal, tsohon malamin dabbobi ne ni. Shekara talatin da ɗoriya na yi a kan babur tsakanin Zango da ƙauyukan bakin iyaka ina yi wa shanu da tumaki allura. Yanzu na ajiye aiki, ina zaune a Daura ina ɗan kiwon raguna a bayan gida. Na daɗe ina jin kunyar abin da zan faɗa. Na zaɓi in rubuto a fili ne domin na tabbata ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar matata. 'Ya'yanmu kowa ya kama gabansa, gida ya yi mini faɗi. Babban ɗana ya sayo mini babbar waya domin in riƙa ganin jikokina. A cikin wayar nan ne wata mata ta turo mini saƙo, ta ce sunanta Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya ce a ƙasar waje, asalinta wani ƙauye ne a wajen Mashi, ita ma mijinta ya rasu. Hausarta tsaf take. Tana turo murya kullum da safe, ta tambaye ni ko na karya, ko ciwon gwiwata ya lafa. Wata biyu cur ba ta nemi ko sisi ba. Har muka fara maganar aure. Duk lokacin da na ce mu yi kiran da ake ganin juna, sai ta ce dokar asibitinsu ta hana. Na yarda, domin ina son in yarda.

Bayan babbar salla ta ce an rufe mata asusun banki har sai an sabunta takardun zamanta, kuma ba za a iya tura mata kuɗi kai tsaye ba. Hanya ɗaya ce, in ji ta: in saya mata katin kyauta, wanda ku a shago kuke kira gifkad, in turo mata lambobinsa. Ban taɓa jin sunansa ba. Ita ce ta koya mini abin da zan faɗa. Na je shagon wani ɗan ƙungiyarku, magidanci ne da ya san ni, yana kirana Baba. Na ba shi naira dubu ashirin, ya sayo katin ta intanet, ya turo mini lambobin, har shi ya nuna mini yadda zan tura mata.

Daga nan abin ya ɗore. Yau an riƙe akwatunan da ta aiko mini a filin jirgi, gobe kuɗin tikiti bai cika ba, jibi lauya ne yake jira. A cikin wata huɗu na sayi kati bakwai, kowane ya fi na bayansa, duka a shago ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Abin da ya tafi ya kusa naira dubu ɗari tara. Raguna biyar na kai kasuwa. Kati na ƙarshe kuwa babur ɗina na sayar, wanda na yi aikin gwamnati da shi.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Ƙanwata Hadiza ta zo daga Zango duba ni, ta ga turakan raguna babu ko ɗaya. Na gaya mata komai cikin murna, na nuna mata hoton matar. Ta duba, ta ce, “Yaya, ka taɓa ganin fuskar nan tana motsi?” Na ce mata tun da matata ta rasu ita da 'ya'yana sun fi so in ƙare rayuwata ni kaɗai, domin gado ya yi musu auki. Hadiza ta ɗauki mayafinta ta fita, ko ruwa ba ta sha ba. Wannan ita ce wadda ta yi jinyar matata wata shida. Daga baya na je na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Amma har yau idan na nemi shawararta, sai ta ce, “Duk yadda ka gani, Yaya.”

Yadda na gane gaskiya shi ne, na yanke shawarar in je in gaida dangin matar ba tare da na sanar da ita ba. Na sayi goro da alawa, na shiga motar haya zuwa ƙauyen da ta ambata. Mai garin ya gane ni, domin na taɓa yi wa shanunsa allura. Ya karɓe ni hannu biyu, ya tara dattawa. Na faɗi sunan mahaifinta da na kawunta. Suka dubi juna. Ba a taɓa yin gida mai waɗannan sunaye a garin ba, kuma babu 'yarsu da ke aiki a waje. Mai gari ya sa aka kawo mini fura, ya kauda maganar domin ya rufa mini asiri. A hanyar dawowa na rubuta mata inda na je. Kafin in iso Daura ta toshe lambata.

Washegari na koma shagon na gaya wa mai shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Baba, wallahi tun kati na uku na gane. Na ji nauyin in faɗa maka ne. Kuma ciniki ka zo yi.”

Alhaji, a kan wannan maganar tasa nake da kuka guda biyu.

Na ɗaya. Laifin farko nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Da ƙafata na je, da hannuna na miƙa kuɗi. Amma tsakanin kati na uku da na bakwai ne raguna huɗu da babur suka tafi, a tsakanin nan ne kuma na ɓata da ƙanwata. Mutumin ya sani, ya ci ribarsa a kan kowane kati, ya yi shiru. Wataƙila da ya yi magana da na yi masa faɗa kamar yadda na yi wa Hadiza. Wataƙila kuma da na saurara, domin shi ya san sana'ar. Bai ba ni damar ko ɗaya ba.

Na biyu. Sai bayan komai ya wuce na san cewa da zarar an tura lambobin nan, kuɗi sun tafi ke nan, babu asusun da za a bi, babu sunan da za a kama. Ku kun san haka. Mu masu saye ba mu sani ba, kuma babu takarda ko ɗaya a bangon shagon da ta faɗa.

Don haka nake roƙon abubuwa uku.

Na farko, kowane shago ya liƙa sanarwa da boko da ajami, cewa duk wanda ba ka taɓa gani ido da ido ba, idan ya ce ka saya masa katin kyauta, ɓarawo ne, ko da da sunan aure ya zo. Babu asibiti, ko filin jirgi, ko lauya da ake biya da irin wannan katin.

Na biyu, ku umarci mutanenku su riƙa tambaya kafin su sayar: wa za a tura wa, kuma ka taɓa ganinsa? Idan dattijo ko dattijuwa suka dawo karo na biyu, a ja su gefe cikin mutunci a yi musu bayani, a ce su zo da ɗa ko ƙane kafin a sake.

Na uku, ku nemi limamai su yi maganar a huɗuba, a gaya wa mutane alamomin: wanda ke ƙin kiran ganin fuska, wanda kullum buƙatarsa ta gaggawa ce, wanda ke cewa kada ka gaya wa danginka. Kuma kafin a tura ko naira ɗaya, a je garin da ya ce shi ne garinsu. Da na fara da wannan, kuɗin mota kawai zan yi asara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne, makon jiya na shiga wani shago cire kuɗin fansho. A gabana akwai wata dattijuwa, tana miƙa wa mai shago wayarta a ɓoye cikin hijabi, tana cewa a sayo mata irin katin da aka rubuta a ciki. Fuskarta cike da fara'a. Na san wannan fara'ar. Na buɗe baki, sai na tuna dole in fara da ba da labarin kaina a gaban mutane. Na karɓi kuɗina na fita. Ban san sunanta ba, ban san unguwarsu ba, kuma tun ranar ban daina tunaninta ba. Idan a cikin mutanenka akwai wanda ya gane ta, don Allah ya karanta mata wannan takardar.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinku, Ya taya ka riƙon shugabanci, Ya tsare ka da iyalanka daga irin abin da ya same ni.

Wassalam.

Lawal, tsohon malamin dabbobi,
Daura.